Kwamfuresa da Fedojin Butik na Jitar Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kaɗa jita suka sha yi mini, wasu a wurin gwaji, wasu bayan an tashi daga biki ana naɗe wayoyi. Na tara su wuri ɗaya don bakina ya huta. Yawancinsu a kan kwamfuresa ne, domin ita ce fedar da aka fi saya a koma gida ana tsaki, alhali sau da yawa ba ta da laifi.

Malam, mece ce feda tukuna, kuma me ya haɗa jita da kwamfuresa?

Feda ɗan akwatin ƙarfe ne, bai fi tafin hannu ba, da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. Waya ta fito daga jita ta shiga ta dama, wata ta fita ta hagu ta nufi amfilifaya. Da yake hannuwan makaɗi duka biyu suna kan jita, da ƙafa ake taka ta, shi ya sa ta ci sunan fedar keke. Kowace da aikinta: wata ta sa sauti ya yi gurnani, wata ta ba shi eko, wata ta sa ya riƙa lilo.

Ita kwamfuresar nan ba ta firij ba ce, ba kuma ta mai faci a bakin titi ba. Suna ne ya zo ɗaya don duk matsewa suke yi. Abin da wannan take matsewa shi ne tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Idan ka kaɗa tsirkiya, sautin yakan fito da ƙarfi, tau, nan da nan ya faɗi, ya yi ta raguwa har ya mutu. To, ka ɗauka ka zaunar da wani yaro mai saurin hannu kusa da amfilifaya, yatsunsa a kan mamurɗin ƙara. Ka buga da ƙarfi, ya rage. Sautin ya fara mutuwa, ya ƙaro. Aikinta ke nan, sai dai ita cikin ƙiftawar ido take yi, kuma ba ta tashi ta ce za ta je shan ruwa.

Abu biyu ake samu. Bugunka yakan daidaita, tsirkiyar da ka taɓa a hankali ba ta ɓacewa a ƙarƙashin wadda ka fizga. Sannan sauti yakan yi kamar ya daɗe yana ja kafin ya mutu, domin wutsiyarsa da a da ba a ji an ɗago ta.

Na saya, na taka, ban ji wani bambanci ba. An cuce ni ne?

Da wuya. Fedar gurnani ko ta eko, da ka taka ta har mai sayar da ruwa a ƙofar zaure zai san an taka wani abu. Kwamfuresa a yatsu ake fara jin ta kafin kunne. Tsirkiya takan yi kamar ta ƙara laushi, jitar kamar tana tallafe ka.

Ga gwajin da nake sa yara su yi. Ka bar amfilifaya a sauti tsantsa, babu gurnani. Ka daidaita mamurɗin Level har ƙarar ta zama ɗaya ko fedar tana kunne ko tana kashe. Wannan matakin kada ka tsallake shi, domin kunnen ɗan Adam mayaudari ne, duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi. Daga nan ka kaɗa jimla ɗaya a hankali, ka maimaita ta da ƙarfi, fedar a kashe. Ka taka, ka sake. Sai ka riƙe sauti guda, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi kafin ya ɓace. Ka ɗauki duka a waya ka saurara daga baya. Inda za ka fi gane ta kuwa shi ne cikin taron kiɗa, lokacin da ganga da fiyano suka cika wuri, amma ƙananan bugunka suna nan suna leƙowa.

Me waɗannan mamurɗan suke nufi? Na ga Sustain, Attack, Blend, kaina ya ɗaure.

Duk kwamfuresar duniya, ta situdiyo ko ta ƙasa, tambayoyi huɗu take amsawa. Daga wace ƙara zan fara matsewa? Yaya tsananin matsin? Da wane sauri zan cafke sautin? Da wane sauri zan sake shi? A manyan na'urori kowace tambaya da mamurɗinta, ana rubuta musu Threshold, Ratio, Attack da Release. Idan ka ga an rubuta 4:1, ma'anarsa duk desibel 4 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti) da sauti ya haura iyaka, desibel 1 kawai za a bari ya wuce. Idan ta kai 20:1, kusan katanga ce aka gina, babu mai hawa.

Masu yin feda sukan dunƙule waɗannan. Sustain, ko Sensitivity a wasu, shi ne yawan matsi gaba ɗaya. Level ko Output shi ne ƙarar da ake mayar maka bayan an matse. Attack kuwa yana da ɗan rikici: a fedoji da dama na tsohon zubi, abin da yake sauyawa a zahiri shi ne saurin sakin sauti, ko da yake a kunne yakan fito kamar kaifin farkon bugu ne ya sauya. Kada wannan ya dame ka, murɗa ka saurara.

Blend shi ne wanda na fi so, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya da masu butik suka kawo wa kwamfuresa, shi zan nuna. Yana gauraya sautinka na asali da wanda aka matse. Ka ga ke nan kaifin farkon bugu yana nan bai mutu ba, ga kuma jan wutsiya a bayansa. Tsofaffin fedoji ba su da shi, shi ya sa wasu suke cewa kwamfuresa tana toshe wa jita hanci.

Wurin farawa: ka ɗauki mamurɗi kamar agogo. Sustain a ƙarfe goma, Blend a sha biyu, Level daidai da ƙarar asali. Ka yi mako guda a haka kafin ka ƙara.

Me ya sa suke da yawa haka? Ba duk abu ɗaya suke yi ba?

Aiki ɗaya ne, hali ne ya bambanta, kuma halin yana bin zuriya.

Babbar zuriya ta samo asali daga MXR Dyna Comp, jan akwati mai mamurɗai biyu da wani kamfani na garin Rochester a jihar New York ya fitar a shekarun 1970. Zuciyarta wani aisi ne, wato ɗan ƙwayar lantarki, mai lamba CA3080. Tana matsewa sosai, har ka ji bugu yana yin wani ɗan ɓul a farkonsa, kuma masu kiɗan ƙauyen Amurka a Nashville sun rungume ta saboda wannan ɓul ɗin. David Gilmour na Pink Floyd ma ya yi amfani da ita. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai kamfanin Ross na jihar Kansas ya fitar da tasa mai launin toka, kusan tsari ɗaya da Dyna Comp amma an gyara mata yadda take tace wuta. Ba ta yi wani dogon zamani a kasuwa ba, sai bayan an daina yin ta aka fara nemanta ruwa a jallo, musamman da aka ga Trey Anastasio na ƙungiyar Phish yana taka ta. Daga wannan Ross ɗin ne Robert Keeley na Oklahoma ya gina tasa a 2001, kuma Xotic SP da Wampler Ego duk jikokinta ne. Idan ka riƙe ɗaya daga cikinsu, to ka riƙe Dyna Comp ce da aka yi wa tarbiyya.

Zuriya ta biyu da haske take aiki. A cikinta akwai 'yar fitila da ke haska wani abu mai jin haske. Sauti ya yi ƙarfi, fitila ta ƙara haske, sai a rage. Da yake abin mai jin hasken ba ya amsawa farat ɗaya, matsin yakan zo a hankali, da taushi. Diamond Compressor ta Kanada tana cikin waɗannan, kuma kakarsu ita ce na'urar situdiyo LA-2A.

Ta uku tana kwaikwayon wata na'urar situdiyo mai suna 1176 da Bill Putnam ya ƙera a 1967, mai saurin cafka kamar kyanwa. Origin Effects na Ingila sun cusa wannan tsari cikin feda suka sa mata suna Cali76. Tana da tsada, tana kuma da tsabtar sauti.

Akwai kuma Boss CS-3 ta Japan, shuɗiya, wadda take kasuwa tun 1986. Ba ta butik ba ce, amma ita za ka fi cin karo da ita a hannun 'yan gwanjo, kuma ta yi wa dubban mutane aiki.

To, mene ne butik ɗin nan? A wurinmu butik kanti ne.

Gaskiyarka. A Maraɗi ko Damagaram ka ce butik, kantin unguwa za a nuna maka. A Kano ko Kaduna kuwa shagon sutura. Kalmar daga Faransanci take, kuma masu jita a Amurka sun aro ta ne don su bambanta kayan ƙaramin maƙeri da na babbar masana'anta. Fedar butik ita ce wadda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suka haɗa, sau da yawa da hannu, kaɗan-kaɗan.

Abin ya yi ƙarfi ne a shekarun 1990. A lokacin manyan kamfanoni sun karkata ga na'urorin dijital, makaɗa kuma suka fara kewar sautin tsofaffin fedoji na shekarun 1960 da 1970 da suka yi wuyar samu. Sai wasu masu hannu da lantarki suka shiga gareji suka fara gyara tsofaffi da ƙera irinsu. Mike Fuller ya kafa Fulltone a 1991. Zachary Vex na Minneapolis ya fitar da Fuzz Factory a 1995, ana yi wa akwatunan fenti da hannu. Mike Piera na Analog Man a Connecticut yana da wata fedar gurnani, King of Tone, da sai ka rubuta suna ka jira shekaru kafin layi ya zo kanka. Daga baya EarthQuaker Devices na Akron da JHS na Kansas City suka biyo.

Yau kalmar ta yi sako-sako. Keeley da JHS da EarthQuaker sun zama kamfanoni masu ma'aikata da injuna, suna fitar da dubbai, amma har gobe butik ake ce musu.

Ina jin ana ta maganar Klon. Wai feda ɗaya ta fi kuɗin mota?

Ta fi kuɗin wasu motocin gwanjo dai. Bill Finnegan, wani mutumin yankin Boston, shi ya fara sayar da Klon Centaur a 1994, da hannunsa yake haɗa kowace. Fedar gurnani ce mai sauƙin hali, tana ƙara wa amfilifaya kuzari ba tare da ta sauya muryar jita sosai ba. A cikinta tana ninka wutar batir, tana kuma gauraya sautin asali da na gurnani, dabarar da ta yi kama da Blend ɗin da muka ambata. Don kada a kwafe masa tsari sai ya riƙa malale kayan cikin da wani baƙin danƙo mai daskarewa. Ya yi kimanin 8,000 ya daina. A hannunsa 'yan ɗaruruwan daloli ce, yau ana sayar da tsohuwa dubban daloli.

Danƙon bai hana komai ba. An kankare, an zana tsarin, ya bazu a intanet. Yanzu akwai Soul Food ta Electro-Harmonix, da Tumnus ta Wampler, da Archer ta J. Rockett, da na China barkatai. Shi kansa Finnegan da ya fitar da sabuwa mai suna KTR, sai da ya rubuta a jikin akwatin cewa wannan zuzutawar da ta wuce hankali ba shi ya ƙirƙiro ta ba.

Abin dariya ya faru a 2023. Josh Scott, mai kamfanin JHS, ya yi bidiyo ya jera Klon da wata tsohuwar feda mai araha da kowa ya raina, DigiTech Bad Monkey, ya nuna cewa idan aka daidaita su da wuya kunne ya raba. Kafin ka ce kwabo farashin Bad Monkey ɗin ya yi tashin gwauron zabi. Mutanen da aka nuna wa cewa tsada ba ita ce sauti ba, su ne suka ruga suka mayar da mai arahar mai tsada.

Ke nan kuɗin butik asara ne?

Ban ce ba. Amma ka san abin da kake saya. Kayan cikin yawancin fedojin nan, rezista da kafasita da taransista, irin waɗanda ke kan teburin mai gyaran rediyo ne, kuma ba su ne suke cin kuɗin ba. Kana biyan ladan tunanin wanda ya zauna ya gyara tsarin, da ƙarfin akwati da maɓalli, da aikin hannu a ƙasar da aikin hannu yake da tsada, da kuma suna.

A kan kwamfuresa musamman, ina ganin ƙarin kuɗin yana da hujja fiye da a kan fedar gurnani. Dalili kuwa, kwamfuresa tana ɗago duk abin da ke ƙasa, har da shuu ɗin da kayan cikinta suke yi. Wadda aka yi da kulawa takan fi yin shiru, ga Blend, ga sauti mai kaifi da bai dushe ba. Fedar gurnani kuwa, datti ne aikinta tun asali, kuma Tube Screamer ta Ibanez da ta fito a 1979, ko kwafinta mai araha, tana iya kai ka ko'ina.

Kwamfuresar butik sabuwa takan kama daga wajen dala 150 zuwa 400, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Na China irin su Joyo da Mooer da Donner da yawansu ba su kai dala 50 ba. Idan tsirkiyoyinka sun yi tsatsa, wayarka tana ƙara idan an taɓa ta, lasifikar amfilifayarka ta yage, to ka kai kuɗin can tukuna. Na sha ganin yaro da feda mai tsada a gaban amfilifayar da ko kiran salla ba za a yarda a yi da ita ba.

Da na taka kwamfuresa sai ƙugi da shuu su cika wuri. Ta lalace ne?

Wannan ni ma ta taɓa cin ni. Wani biki ne da daddare, a fili, da janareta. Na zo da sabuwar kwamfuresa ina ji da ita, na murɗe Sustain har ƙarshe. Muna cikin kiɗa lafiya lau. Da muka tsaya don kawun ango ya yi jawabi, sai wani ƙugi ya fara tasowa daga amfilifayata, a hankali, kamar an taɓo gidan zuma. Tsohon ya yi shiru, ya juyo, ya zuba mini ido ta saman tabarau. Kafin in gane daga ina abin yake, mai ganga ya miƙo ƙafa ya taka mini fedar.

Ba ta lalace ba. Ka tuna yaron da muka zaunar kusa da mamurɗi: idan ka daina kaɗawa, shi bai san an tashi ba, sai ya yi ta ƙaro ƙara yana neman sauti, abin da zai samo kuwa shi ne ƙugin wuta. Jita mai siraran maganaɗisu, irin Stratocaster da Telecaster da kwafinsu, dama tana jawo ƙugin wutar gari, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Janareta, fitilun ado, cajar waya a kan soket ɗaya, duk suna ƙara nasu.

Magani: rage Sustain. Ka saba da murɗe ƙarar jita da ɗan ƙaramin yatsa duk lokacin da aka tsaya. A Stratocaster, matsayi na biyu da na huɗu na maɓallin zaɓi sukan kashe ƙugin a yawancin jitocin zamani. Ka raba soket da masu cajin waya, ko da za a ce ka cika iyayi.

Wane irin adafta zan sa mata?

A nan ake ƙona fedoji, don haka ka natsu. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, wuta miƙaƙƙiya irin ta batir, kuma alamar ɗebewa ce a tsakiyar bakin adaftan. Wannan ya saɓa wa yawancin adaftocin gida, waɗanda alamar tarawa ce a tsakiyarsu. Adaftan fiyano galibi bolt 12 ne da tarawa a tsakiya, bakinsa kuma yana iya shiga fedarka lafiya. Shigarsa ba shaida ba ce. Ka duba ɗan zanen da ke jikin feda da na jikin adafta, su zo ɗaya. Akwai kuma adaftocin da ke fitar da wuta mai kaiwa da komowa, an rubuta musu AC a wajen fita. Waɗannan ko kusa.

Wasu fedoji, irin su Cali76 ƙarama da Xotic SP, suna karɓar har bolt 18, kuma sukan ƙara sakewa a haka. Amma sai wadda aka rubuta mata. Klon da 'ya'yanta da ke ninka wuta da kansu, ka ba su 18 ka gama da su.

Sai yawan abin da take zuƙa. Kwamfuresa da fedar gurnani kaɗan suke sha, da wuya su wuce miliamfiya 30 (ma'aunin wutar da ake zuƙa ke nan) in ba irin su Cali76 ba. Manyan fedojin eko na dijital kamar na Strymon sukan nemi 250 ko fiye. Adafta ya fi ƙarfin buƙata ba laifi, ya gaza ne matsala. Idan ka jera fedoji da yawa a kan adafta ɗaya da waya mai rassa, musamman ka haɗa dijital da kwamfuresa, ka gayyato ƙugi. Akwatin wuta mai keɓe kowace ƙofa daban ya fi, kuma a ganina ya cancanci a saye shi kafin feda ta uku.

Idan daga Amurka aka aiko maka, duba bayan adaftan. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba shi da matsala. Mai amfani da batir kuma ya cire wayar jita daga feda idan ya gama, domin muddin tana ciki batir yana zuba ko fitila a kashe take.

A ina zan sa ta a jerin fedoji?

Abin da aka saba: jita, na'urar saita tsirkiya, fedar wah (mai sa jita ta riƙa cewa wa-wa), kwamfuresa, fedojin gurnani, masu lilo, sannan eko a ƙarshe. Ana sa kwamfuresa kafin gurnani ne don kada ta ɗago shuu ɗin da gurnani yake haifarwa. Wasu suna sa ta bayan gurnani mai sauƙi, don ƙarfin hannunsu ya riƙa sarrafa yawan gurnanin ita kuma ta riƙe ƙarar. Trey Anastasio haka ya shahara da yi. Gwada duka biyun, ba a kama kowa. Abin da ban ga amfaninsa ba shi ne sa ta bayan eko, sai dai in da gangan kake son wutsiyar ekon ta kumbura ta cinye komai.

Tsohon zubin Fuzz Face, wata fedar faz, wato mai gurnani mai kaushi, shi kaɗai ne mai gardama. Yana son ya ji jita kai tsaye, don haka shi ne na farko, kafin kowa.

Me ake nufi da True Bypass? Wai ita ce alamar feda ta ƙwarai?

Talla ce ta mayar da ita haka. Ma'anarta idan fedar tana kashe, sauti yana wucewa ta waya zalla bai taɓa kayan cikinta ba. Kishiyarta ita ce mai bafa, wato wani ɗan tsari da ke ƙarfafa sautin ko da fedar a kashe take. Kusan duk ƙananan fedojin Boss haka suke, Klon ta asali ma haka. Sautin jita rarrauna ne, doguwar waya tana shanye masa kaifi. Idan wayarka ta kai mita shida, ga fedoji biyar duk masu wucewa zalla, ga wata mita shidan zuwa amfilifaya, za ka ji jitar ta dushe kamar an rufa mata bargo. Bafa ɗaya mai kyau a farkon layi tana maganin wannan.

Zafi da ƙurar ƙasarmu ba sa lalata su?

Kwamfuresa da yawancin fedoji ba ruwansu da zafi, in dai ba a bar su cikin mota a rufe ba. Wadda zafi yake juya wa hali ita ce fedar faz mai taransistan jameniyam, irin Fuzz Face ta farko da Arbiter ya fitar a Landan a 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Taransista biyu ne kacal a cikinta, kuma jameniyam yana sauya aiki da yanayi. Wadda ta yi maka daɗi da asuba a watan Janairu, ka fito da ita rana tsaka a watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas, sai ka ji tana tari tana yankewa. Masu butik suna sayar da irinta da tsada, suna yabon taushinta, amma a sanyin ƙasarsu suka gwada. Mai kiɗan fili a nan ya nemi ta silikon, ko wadda take da mamurɗin Bias da zai riƙa gyarawa. Ka kuma sani cewa da yawa daga masu jameniyam wutarsu a juye take, ba a haɗa su a waya mai rassa da sauran fedoji.

Ƙurar hunturu kuwa mamurɗai take shiga, ka ji suna ƙarr idan an juya. Maganin fesawa na goge kayan lantarki ake sa musu, ɗan kaɗan, a juya su sau da yawa. Kada a kuskura a ɗiga man keke ko man inji. Jaka mai zif ta fi duk wani magani.

Kowane makaɗi ne yake buƙatar kwamfuresa?

A'a. Mai kaɗa sauti tsantsa da sauri, tsirkiya ɗaiɗai, shi ya fi morarta: mai jan jitar gaba a kiɗan hailaif ko sukus, mai kiɗan fonk, masu kiɗan coci a Jos da Kaduna da ke son kowane bugu ya fito tas a bayan mawaƙa. Mai kiɗan gurnani mai nauyi kuwa kusan ba ya buƙatarta, domin gurnani kansa matsi ne, ya riga ya aske kan sautin.

Salon jitar Abzinawa, irin na su Bombino da Mdou Moctar, yana tsaka-tsaki. Yawancin ƙawarsa daga yatsun hagu da na dama take fitowa, ana buga tsirkiya ana ɗaga yatsa da sauri, ga wata tsirkiya tana ta amo a ƙasa. Matsi kaɗan yana fito da waɗannan ƙananan adon. Matsi da yawa kuwa yana kwantar da tashi da faɗuwar da ke sa mutane su miƙe. Ga mai koyo, shawarata ya yi shekararsa ta farko babu ita, hannunsa ya koyi daidaita kansa, don tana ɓoye rauni har mai shi ya manta yana da shi.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba?

Tafi da jitarka da wayarka da adaftanka, kada ka yarda da gwajin da mai kaya zai yi maka da nasa. Taka maɓallin sau ashirin, ka ji ko akwai lokacin da sauti yake ɗaukewa. Juya kowane mamurɗi daga farko har ƙarshe. Girgiza bakin waya a ƙofar shiga da ta fita. Buɗe wurin batir ka duba ko tsohon batir ya taɓa zuba, za ka ga wani fari ko kore-kore a jikin ƙarfen. Sansana ƙofar adafta. Wadda aka taɓa ba wa wutar da ba tata ba takan riƙe ƙaurin.

Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi tashe. Idan aka kawo maka Klon ko King of Tone a farashin buhun shinkafa, ka san amsar. Ka nemi a kwance ƙusoshin bayan, ka kwatanta cikin da hotunan ta gaskiya a intanet, ka duba lambar da ke jikinta. Kwafi da ya zo da sunansa na kansa ba aibi ba ne, saye shi da farashin kwafi. Idan mai kaya ya ce ba za a buɗe bayan ba, mayar masa da abarsa ka naɗe wayarka.